Mai ƙoƙo ko marar ƙoƙo: wane dodon koɗi yaro zai iya riƙewa a Damagaram?

Daren da aka yi ruwan nan mai ƙarfi na tsakiyar Agusta, bayan sallar isha, autata ta faɗo ɗaki da fitilar waya a hannu tana haki.

"Baba, zo ka gani. Dodon koɗi ne a gindin gwandarka, amma an sace masa gidansa."

Na bi ta tsakar gida. A ƙarƙashin ledar dashen gwanda da na sayo kwana uku kafin nan, ga wani abu baƙi-baƙi, shimfiɗaɗɗe, tsawonsa bai wuce yatsana ba, da siririn layi mai haske a tsakiyar gadon bayansa. Yana tafiya kamar ana tsiyaya zuma, yana barin zare mai ƙyalli a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta kai tsinke kusa da kansa, sai ya janye ƙahonninsa ya dunƙule.

"Baba, in riƙe shi?"

Innarta na bakin ƙofa ta ce, "Ki riƙe me? Wannan abin ƙyamar?"

Ni na ce ta riƙe. Muka sa shi a gwangwanin madara da ganyen salati, muka huda murfin, ta ajiye a bakin taga. Da safe yana nan lafiya, har ya ɗan ci gefen ganyen. Da hantsi rana ta juyo ta bugi tagar. Kafin azahar ya ƙanƙance ya taurare kamar busasshiyar kuɓewa. Yarinya ta yi kuka har ta ƙi cin abincin rana, ni ma abin ya tsaya mini a rai, domin halittar da ke zaune lafiya a gindin dashe mu muka kulle ta inda ba ta da hanyar guje wa rana.

Babu wanda ya sace masa gida. Haka Allah ya halicce shi, dodon koɗi ne marar ƙoƙo, wanda a lakwal ake koya wa yara da sunan limas. Kamanninsa sun zo daidai da irin da masana ke kira Laevicaulis alte, ɗan asalin Afirka, wanda ya bazu ƙasashe masu zafi ta hanyar ƙasar dashe, kamar yadda ya iso gidana. Tun ranar nake karatu a kan waɗannan halittu, nake kuma gwadawa, don yarinyar ba ta haƙura ba. Idan kai ma yaronka ya kawo maka irin wannan roƙo, ko kai malami ne kana son abin da yara za su kalla a aji, zaɓi uku ne a gabanka: marar ƙoƙon nan, ko ƙaramin dodon koɗinmu na damina mai doguwar katantanwa, ko ƙaton na kurmi da ake hawowa da shi daga kudu. Akwai na huɗu, na cikin tabki, wanda zan yi maganarsa don kawai a nisance shi.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu kiwon marar ƙoƙo don sha'awa, suna sa hotunansa a intanet. Suna da wani mai ɗige-ɗige kamar damisa, Limax maximus, da kan kai santimita 20, ya rayu kusan shekara uku. A dazukan yammacin Amurka akwai wani rawaya mai kama da ayaba da kan kai santimita 25. Yaro in ya ga waɗannan a waya dole ransa ya biya. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne yanayin da aka ɗauke shi: ƙasashe masu sanyi da raɓa, inda za ka ɗaga dutse a kowane wata ka tarar da laima. Mu kuwa ruwan da muke samu a shekara bai wuce kimanin milimita 400 ba, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba. A Afrilu da Mayu zafi kan kai digiri 40 ya wuce. Da hunturu iska kan bushe har leɓe ya tsage, kaurin ƙafa ya buɗe. Duk wata shawara a kan wannan kiwo da ba ta fara daga nan ba, ba ta Damagaram ba ce.

Jikin dodon koɗi, mai ƙoƙo da marar ƙoƙo, mafi yawansa ruwa ne, kuma fatarsa ba ta riƙe ruwa kamar tamu. Kullum yana cikin asara. Ko tafiyar da yake yi ruwa take ci, domin sai ya shimfiɗa yauƙi sannan ya zame a kansa. Bambancin shi ne abin da kowanne ke yi in iska ta bushe. Mai ƙoƙo ya shige ciki, ya toshe bakin katantanwarsa da wani murfi na busasshen yauƙi mai kama da ɓawon albasa, ya rage numfashi, ya kwanta. Haka zai yi watanni ba ci ba sha har ruwa ya sauko. Wannan barcin rani ne ya sa duk damina muke ganinsu sun fito kamar daga sama aka zubo su, alhali suna nan binne a gindin shinge tun bara. Marar ƙoƙo ba shi da ɗakin da zai rufe. Dabararsa ɗaya ce, ya nutsa can ƙarƙashin ƙasa inda laima ta rage. A lambu yana da inda zai nutsa. A cikin roba ko gwangwani ba shi da shi.

A aikace ga abin da wannan ke nufi. Ka yi tafiya Magarya biki kwana biyu, ko yarinya ta kwanta zazzaɓi ta manta da yayyafa ruwa, ko famfo ya ɗauke, ruwan da mai garuwa ya kawo ya zama na sha da girki kawai. Duk ɗan garin nan ya san wannan ba tatsuniya ba ce. Garin yana zaune a kan dutse wanda ba ya riƙe ruwa, shi ya sa tun da daɗewa daga nesa ake jawo mana shi, daga wajen Gogo da Machaya da Arunguza, kuma in bazara ta kama, layin jarka a bakin famfo ya isa shaida. In haka ta faru, mai ƙoƙo zai rufe ƙofarsa ya jira ka. Ka dawo ka yayyafa masa ruwa, cikin sa'a ɗaya ko biyu ka ga murfin ya ɓalle, ƙaho ya leƙo. Marar ƙoƙo kuwa gawarsa za ka tarar. A ganina wannan kaɗai ya kusa yanke hukunci, amma bari in yi wa marar ƙoƙo adalci, don yana da nasa.

Ya fi daɗin kallo. Komai nasa a fili yake. Yaro zai ga yadda yake miƙewa ya yi tsawo, ya dunƙule ya yi kauri, ya matse jikinsa ya bi ta ƙofar da ba ka zaci ko tsinke zai shiga ba. Ƙahonni huɗu gare shi, biyun sama masu idanu a ƙarshensu, biyun ƙasa na shinshina da lalube. In ka ɗora shi a kan gilashi ka leƙa ta ƙasa, za ka ga tafin cikinsa yana motsi, ka ga bakinsa yana kankarar ganye da wani harshe mai kama da magagari, mai dubban ƙananan haƙora. Ba ya bukatar a nemo masa abin gina ƙoƙo kamar ɗan uwansa, ba shi da ƙoƙon da zai fashe in ya faɗo, kuma wuri kaɗan ya ishe shi. Sai dai ba ya ɗaukuwa a hannu. Babu inda za ka kama, kuma yauƙinsa yana shan ruwa ya ƙara kumbura, shi ya sa in ya shafe ka gara ka fara gogewa da busasshen tsumma kafin ka sa sabulu. Rayuwarsa ma gajera ce, yawancinsu shekara ɗaya zuwa biyu ko da sun samu yadda suke so. Ga shi gwanin gudu. In murfi ya bar tazara kamar kaurin farce, da safe sai dai ka bi sawunsa mai ƙyalli a bango, ka tarar da shi ya bushe a bayan buhun hatsi.

Namu na damina shi ne wanda duk muka sani tun muna yara, ko da ba mu taɓa kula da mai gidan ba sai gidan. Katantanwarsa doguwa ce mai tsini, da zane-zane ja-ja ko ƙasa-ƙasa a tsaye, irin wadda muke gogawa mu murza a rairayi tana juyi. Masana suna sa irin waɗannan a dangin Limicolaria, waɗanda suka bazu a faɗin Afirka ta Yamma har yankin Sahel. Babbar falalarsa ita ce ɗan gida ne. Ya san zafinmu, ya san ranimmu, kakanninsa sun ga farin da muka gani. Ba sai ka saya ba, bayan ruwan dare ka duba gindin shinge ko bakin lambu. Yaro zai iya ɗaukarsa ta katantanwa, da sharaɗi ɗaya: in ya manne da bango ko ganye kada a fizge shi, don naman da ke haɗe da ƙoƙon yana iya yagewa, kuma wannan rauni ba ya warkewa. A jiƙa yatsa, a zura a hankali ta ƙarƙashinsa har ya saki da kansa. Falala ta ƙarshe, wadda na fi ba muhimmanci: ranar da yaro ya gaji, kuma yara suna gajiya, sai a mayar da shi inda aka ɗauko shi, ba a cuci kowa ba. Aibinsa shi ne ba ya burge baƙo, kuma wata bakwai ko takwas na shekara barci yake so ya yi. Yaron da ke son abin wasa kullum zai ce ya mutu. Bai mutu ba. In katantanwar tana da nauyi, murfinta a rufe, ba ta wari, yana ciki.

Ƙaton na kurmi shi ne mai jan ido. A kudancin Najeriya da Benin da Gana da Kodebuwa nama ne mai daraja, ana kiwonsa ana sayarwa a kasuwa. Manyan iri biyu na yammacin Afirka su ne Achatina achatina da Archachatina marginata, waɗanda katantanwarsu kan kai santimita 20, ta cika tafin hannun babban mutum. Akwai na uku ɗan gabashin Afirka, Lissachatina fulica, wanda ya fi su ƙanƙanta amma ya fi su yaɗuwa a duniya. Suna rayuwa shekara biyar zuwa bakwai, wani lokaci har goma. Wanda ya ɗauki ɗaya ya ɗauki alkawarin da zai raka yaro tun daga firamare har sakandare. Su 'yan kurmi ne, suna son ɗumi mai laima irin na ƙarƙashin itatuwa, kusan digiri 25 zuwa 28, iska jiƙe. Suna iya barcin rani su ma, amma ranin kurmi wata uku ne ko huɗu, ba irin namu ba. Suna ci da yawa, suna kashi da yawa, suna bukatar babban mazubi da ƙasa mai zurfin da za su binne kansu. Gidan da ke da inuwa mai kyau da ruwan da ba ya yankewa zai iya. Yawancinmu ba haka muke ba.

Amma ba wahalar kiwon ce ta sa nake hana shi ba. Ƙwai ne. Duk waɗannan halittu mata-maza ne, kowane ɗaya yana da gaban namiji da na mace, don haka duk biyun da ka haɗa za su iya hayayyafa, kuma ko ɗaya ka samo yana iya zuwa da abin da ya ajiye daga barbarar baya, ya zuba maka ƙwai bayan makonni. Archachatina ƙwai kaɗan take yi, manya-manya. Fulica kuwa tana iya yin har 1,200 a shekara, kuma tana cin tsirrai iri sama da 500. Ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa ta cikin baƙin halittu 100 mafiya ɓarna. A 1966 wani yaro ya dawo Mayami ta jihar Fulorida a Amurka daga tsibirin Hawai da guda uku, don sha'awa kawai, irin sha'awar autata. Kakarsa ta sake su a lambun gida. Sai da aka kwashe kusan shekara goma, aka kashe kimanin dala miliyan ɗaya ta Amurka, aka tsince sama da 18,000, kafin a ga bayansu. Suka sake ɓullowa a 2011, ba a sanar da gamawa da su ba sai 2021. Yau a Amurka haramun ne a riƙe su ba da izinin hukuma ba.

Wani zai ce ai ranin Damagaram zai gama da su. A tsakar gida mai rairayi, haka ne. Amma lambun da ake yi wa ban ruwa safe da yamma bai san rani ba. Ka tuna lambunan Miriya, kimanin kilomita 18 daga gari, da na Gidimuni, da na kwarin Korama, inda mutane ke ciyar da iyali da salati da kabeji da tumatir. Ban ga dalilin da zai sa sha'awar yarona ta zama abin da zai iya kai wa ga kwamin wani ba. Wannan magana ta shafi marar ƙoƙon da ya zo cikin dashe ma, domin shi ma maɓarnacin ganye ne. In ka riƙe baƙon iri, to duk mako ka tone ƙasar mazubin, ƙwan da ka gani ka murƙushe shi, kuma kada ka taɓa sakinsa a lambu.

Sai maganar lafiya, wadda Innarsu ta fi damuwa da ita, kuma tana da gaskiya. Akwai wata tsutsa da ake kira tsutsar huhun ɓera. Tana girma a jijiyoyin huhun ɓera, 'ya'yanta su fito cikin kashinsa, dodon koɗi ya ci kashin ya ɗauke su. In mutum ya haɗiye ɗanyen dodon koɗi, ko ɗan guntunsa da ya ɓuya a ganyen da ba a wanke ba, tsutsar kan bi ta kai ga ƙwaƙwalwa ta haddasa wani nau'in sanƙarau. A 2010 wani saurayi ɗan shekara 19 a Sidni ta Ostireliya ya haɗiye marar ƙoƙo ɗaya saboda abokai sun zuga shi. Ya yi sama da shekara a sume, ya farfaɗo jiki a shanye, ya rasu a 2018. An fi sanin cutar a kudu maso gabashin Asiya da tsibiran tekun Fasifik, amma an same ta a wasu sassan Afirka, kuma mai ƙoƙo da marar ƙoƙo duk suna iya ɗaukarta. A nan babu wanda ya fi wani tsarki cikin ukun. Sai dai marar ƙoƙo ƙarami ya fi sauƙin ɓuya cikin ganye, ya fi kuma sauƙin shiga bakin jariri mai rarrafe. Dokar gidana ita ce: ba a kai shi kusa da fuska, ba a taɓa shi ana cin abinci, a wanke hannu da sabulu kowane lokaci, mazubin kuma ya zauna inda ƙanenta ba zai kai ba. Gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyar wanda ba a iya tsarewa, a haƙura da kiwon gaba ɗaya har ya yi wayo.

Na cikin tabki kuwa, a bar shi inda yake. Ƙananan dodon koɗin ruwa, musamman dangin Bulinus, su ne ke renon tsutsar tsargiya, ciwon fitsarin jinin da ya daɗe yana addabar yaran ƙasar nan. Tsutsar tana fitowa daga jikinsu ta shiga ruwa, ta huda fatar wanda ya shiga, ba sai ya sha ba. Dodon koɗin tudu ba ya ɗaukar tsargiya, amma yaron da ya tsunduma tabki don ya tsinto na ruwa ya riga ya shiga hatsarin tun kafin ya dawo gida, kuma kwalbar ruwan da ya zuba su ciki ita ma abin tsoro ce. In ka ga jini a fitsarin yaro, a kai shi likita, akwai maganinta.

Ko wanne ka zaɓa, mazubi ne rabin aikin, kuma a nan ne na fi samun abin da ya amfane ni. Roba da gwangwani da kwalba duk tanda ne a garin nan. Tukunyar ƙasa ita ce daidai, don tana gumi tana huce abin da ke cikinta kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Mafi kyau kuma shi ne tukunya cikin tukunya, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba, wani malami daga Jigawa, ya yaɗa don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ka sa ƙaramar tukunya cikin babba, ka cika tsakaninsu da rairayi, ka jiƙa rairayin safe da yamma. Ruwan da ke tashi daga jikin babbar yana tafiya da zafi, kuma dabarar ta fi aiki a busasshiyar iska irin tamu. Cikin ƙaramar ka zuba ƙasar lambu wadda ba a sa wa takin zamani ko maganin ƙwari ba, zurfin yatsa ɗaya aƙalla, ka gauraya da ruɓaɓɓen ganye don rairayi zalla ba ya riƙe laima. Jiƙa ta yadda in ka dunƙula za ta haɗe amma ruwa ba zai ɗiga ba, domin suna numfashi da iska ne, ruwa in ya kwanta yana kashe su. Ka kifa guntun kasko a ciki ya zama maɓuya. Bakin tukunyar a rufe da ragar taga ko ƙyalle mai shara-shara, a ɗaure tam. Ni ban yarda da guntun gidan sauro ba saboda maganin da ke jikinsa, haka nan ba na ajiye tukunyar a ɗakin da ake fesa maganin sauro. Wuri mai inuwa daga safe har yamma, nesa da kaji da zabi, kuma in cinnaku sun gano ta, a ɗora ta a kan bulo cikin faranti mai ruwa. Ruwan famfo in yana warin magani, a bar shi ya kwana a buɗe kafin a yayyafa.

Abinci ba shi da wuya: salati, kokwamba, kabewa, ganyen dankali, ganyen gwanda, ɓawon kankana, ɗan mangwaro. A wanke sosai, don abin da mai lambu ya fesa yana iya kashe su. A sa da magariba, tunda da dare suke kiwo, a kwashe saura da safe kafin ya yi tsami ya tara ƙuda. Ba a ba su tuwo ko sauran miya ko wani abin da gishiri ya taɓa. Gishiri yana zuƙe ruwan jikinsu ta fata, mutuwa ce mai azaba, kuma marar ƙoƙo ba shi da inda zai ɓuya daga gare ta. Mai ƙoƙo yana bukatar sinadarin kalsiyam don gina katantanwarsa, kuma a nan na kusa yin wani kuskuren. Wata maƙwabciya ta ce wa yarinyar, da kyakkyawar niyya, "Ɗiyata, ba shi kanwa mana, ai ita ke ƙara wa dabba ƙarfi." Ga akuya da raƙumi haka ne. Ga dodon koɗi kanwa da manda ɗaya suke da gishiri. Abin da ya dace shi ne ɓawon ƙwai, a wanke, a shanya, a daka ya yi laushi, a barbaɗa a gefe. Toka ma a nisantar da ita, tana busar da su. Haka ganyen dogon yaro da 'ya'yan aduwa. Aduwa tana da sinadarin da ke kashe dodon koɗi, har an daɗe da ba da shawarar amfani da ita a ruwa don yaƙar tsargiya.

Da yarinyar ke kukan na farkon, kakarta ce ta rarrashe ta. Ta ba ta labarin ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa, Manzon Allah (SAW) ya riƙa tambayarsa cikin tausasawa, ya Aba Umair, me ɗan tsuntsun ya yi? Sannan ta juyo gare ni ta tuna mini ɗayan hadisin, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Ba ta ƙara komai a kai ba. Da waɗannan biyun nake auna zaɓin: an yarda yaro ya riƙe halitta, amma wanda ya kulle ta shi zai amsa tambaya a kanta, kuma a gida uba ne ke kullewa ko da yaro ne ya roƙa.

Saboda haka, ga yaro ɗan firamare a garin nan, namu na damina nake ba da shawara, guda ɗaya ko biyu, cikin tukunyar ƙasa. Ga malamin da ke son nuna wa aji yadda halittar take, marar ƙoƙo ya fi bayyana komai, amma ya zama baƙon kwana biyu ko uku a cikin damina, a tukunya mai laima, ba a bakin taga ba, kuma in daga lambu aka ɗauko shi mai lambun ba zai so a mayar masa ba. Wanda ya nace sai ya riƙe marar ƙoƙo ya daɗe, to ya tabbata akwai babba a gidan da zai duba shi sau biyu kullum, har ranar sallah da ranar tafiya, kuma ya san da wuya ya ƙetare Afrilu. Ƙaton na kurmi ban ba kowa shawararsa don wasan yara ba. Mai son kiwonsa don nama ko kasuwa maganarsa daban ce, da irin nata shiri.

Mu dai namu na damina guda biyu muka tsinto a gindin shingen wani lambu, mako guda bayan mutuwar na farkon. Sun yi sauran damina suna cin kokwamba, ɗaya har katantanwarsa ta ƙaru da wani sabon baki mai haske wanda yarinyar ke aunawa da farce. Da iska ta juya a Oktoba, suka daina fitowa, suka nutsa ƙasa. Ta tono ɗaya a hankali ta kawo mini.

"Baba, ya rufe ƙofa."

Na ce ta mayar da shi yadda ta same shi, bakin yana kallon sama, ta rufa masa ƙasa. Mun daina yayyafa ruwa a ciki, sai rairayin tsakanin tukwanen kawai muke jiƙawa in zafi ya tsananta. Tukunyar tana nan a lungun zaure bayan randa, kuma ta sa ni alkawarin in tashe ta ko da tsakar dare ne ranar da ruwan farko ya sauka.